Ƙananan Malamaina na Bakin Kogin Elbe

Duk wanda ya yi zaman karatu a ƙasar waje, idan ya komo gida akan tambaye shi manyan malaman da ya zauna a gabansu, da ɗakunan karatun da ya shiga, da irin takardar da ya samo. Ba a cika tambayarsa wanda ya ɗebe masa kewa ba, balle wanda ya riƙe hannunsa sa'ad da gari ya yi masa faɗi. Ni dai tambayoyin farko an yi mini su har na gaji da amsawa, amma ta ƙarshen babu wanda ya taɓa yi mini ita. Saboda haka na ga ya kyautu in yi wa kaina, in kuma ba da amsarta a wannan mujalla tamu, tun da dai fili ne na faɗin abin da ke zuci. Amsar kuwa ita ce waɗansu yara su 22, babbansu bai haura shekara 6 ba, ƙaraminsu kuwa ko maɓallin rigarsa bai iya sakawa ba. A wurinsu na koyi abin da har yau nake ganin ya fi duk abin da na kwaso daga littattafan can amfani, watau yadda ake jiran bakin yaro har ya buɗe don kansa.

A watan Oktoba na 2016 na sauka a Hamburg, babban birnin tashar jiragen ruwa na arewacin Jamus, bayan na sami tallafin yin bincike na wata 10 a jami'ar garin, wadda ta daɗe tana koyar da harsunan Afirka, har da namu na Hausa. Birnin yana zaune ne a bakin Kogin Elbe, kimanin kilomita 100 daga teku, amma duk da haka manyan jiragen dakon kaya suna shigowa har cikinsa. Ga ɗalibin Hausa kuwa, garin ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin a nan aka haifi Heinrich Barth a 1821, mutumin nan da ya shiga Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya kuma koma Turai a 1855 tare da yaron nan Bahaushe, Dorugu, wanda labarin rayuwarsa yana cikin rubutun zube na farko-farko da aka buga da Hausar boko. Sau da yawa in zama ya yi mini nauyi nakan tuna Dorugu, in ce wa raina, wanda ya zo yana yaro, ba waya ba wasiƙa, ya jure, balle kai.

To amma gani ya kori ji. Sanyi da sauƙi, tun da akwai rigar da ke maganinsa, duhu da shiru su ne ba a ɗinka musu riga ba. Tun daga ƙarshen Oktoba yini yake ta raguwa, har ya zamana a watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:30 na safe, wajen ƙarfe 4:00 na yamma kuma ta faɗi, wani lokaci ma a yi mako ba a ga ƙwayarta ba saboda hadari da yayyafi. Ka shiga jirgin ƙasa ka tarar da tarago cike da mutane, kowa ya sunkuyar da kai, ba sallama ba tambayar iyali. A jami'a abokan aiki suna da kirki matuƙa, sai dai da zarar na fara haɗa jimla da Jamusanci sai su tausaya mini su juya zuwa Ingilishi, ta haka tausayinsu ya zama katanga tsakanina da harshen. Daɗin daɗawa, na baro iyali a Katsina, da 'yata mai shekara 3, wadda mai karatu zai gafarce ni in na ƙi ambaton sunanta, 'yar fari ce. A lokacin ne bakinta ya buɗe sosai, kullum sai uwarta ta ba ni labarin sabuwar kalma ta waya, ni kuwa ina zaune a ɗaki ina ƙirga abin da ke wuce ni.

Wata dattijuwa da nake haya a gidanta, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ta lura da halin da nake ciki. Ran nan muna shan shayi sai ta ce mini, “In Jamusanci kake so, tafi wurin yara. Ba su iya Ingilishi ba, ba su kuma iya kara ba.” Ita ce ta haɗa ni da shugabar wani lambun yara na unguwarmu, inda ake neman masu taimako na sa kai. Ba a bar ni na fara ba sai da na kawo takardar shaida daga hukuma cewa ba a taɓa kama ni da laifin cutar da yaro ba, na kuma sa hannu cewa ba zan ɗauki hotonsu ko in yaɗa sunayensu ba. Wannan alƙawari yana nan a wuyana, shi ya sa zan ambace su da laƙabin da na ba kowannensu a zuciyata. Aka yanka mini safiyar Talata da ta Alhamis, ba albashi, sai abincin rana.

Lambun yara fassara ce ta sunan da Jamusawa suka ba irin wannan wuri, watau Kindergarten. Friedrich Fröbel ne ya raɗa sunan a 1840 a wani ƙaramin gari da ake kira Bad Blankenburg, bisa fahimtarsa cewa yaro kamar shuka ne. Mai lambu kuwa kowa ya sani ba ya jan ganye don ya yi tsawo, ruwa yake bayarwa, ya cire ciyawa, ya jira. Ra'ayin bai sami karɓuwa nan da nan ba, har gwamnatin Prussia ta hana irin waɗannan wurare daga 1851 zuwa 1860. Daga baya abin ya kafu, ya bazu duniya da sunansa. A 1996 dokar Jamus ta ba kowane yaro mai shekara 3 haƙƙin samun gurbi, a 2013 aka sauko da haƙƙin zuwa shekara 1, a 2014 kuma hukumar Hamburg ta mayar da awa 5 na kowace rana kyauta, har da abincin rana. Wannan ya sa ɗakinmu ya haɗa ɗan likita da ɗan direban bas da ɗan gudun hijira a kan kafet ɗaya.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu allo babu alli, babu benci a jere. Ƙarfe 9:00 a zauna a yi da'ira, a ƙirga waɗanda suka zo, a ambaci waɗanda ba su zo ba, a yi waƙa, sa'an nan kowa ya kama abin da ya ga dama, wani gini da 'yan katakai, wani zane, wani kuma ya zauna yana kallon taga ba wanda zai tsawata masa. Karatu da rubutu sai an shiga firamare a shekara 6. Kowace rana kuwa sai an fita waje, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, domin mutanen wurin suna cewa babu mugun yanayi sai mugun tufafi. Aikina shi ne ɗaura igiyar takalmi, da zuge zif ɗin rigar ruwa, da sharce hanci, da yanka tuffa, da tura lilo. Malamai mata 3 ne ke kula da ɗakin, na kuma lura babu wadda take yi wa yaro magana daga tsaye, sai ta durƙusa idonta ya daidaita da nasa, in ya fara magana kuma ba ta ƙarasa masa jimla kome daɗewar da zai yi yana lalube. A wajenmu yaro ke durƙusa wa babba, kuma ladabi ne da ba na fatan mu rasa shi, amma a can na ga ashe durƙuson babba ma yana da nasa aikin. Yaran suna kiran manya da sunansu kai tsaye, abin da kunnen Bahaushe ba ya jurewa. Da na gaya musu a gida Malam ake ce mini, sai suka ɗauka sunan yanka ne, daga ranar ba abin da ake ji sai, “Malam, zo!” da “Malam, hancina!”

Wadda ta fara karɓa ta hannu biyu ita ce Uwar Ɗaki, yarinya 'yar shekara 5 mai kitso biyu, wadda kakanninta suka zo daga Turkiyya zamanin da Jamus ke ɗibar ma'aikata bayan yarjejeniyar 1961. Tun ranar farko ta dube ni sama da ƙasa, ta yanke hukunci cewa wannan dogon mutum yana bukatar tarbiyya. Lokacin cin abinci takan zauna kusa da ni ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, ba ta kuma sauke shi sai na maimaita yadda ya gamshe ta. Mu Hausawa jinsi biyu muka sani, namiji da mace, su kuwa uku gare su, na ukun ba namiji ba mace. Cokali a wurinsu namiji ne, cokali mai yatsu mace, wuƙa kuwa tana jinsi na uku, kai, har kalmar yarinya kanta a jinsi na uku take. Na tambaye ta ko ba ta jin haushin wannan, ta kaɗa kafaɗa ta ce kalma ce ba ta da hankali. Ranar da muka gano rana mace ce wata namiji ne, a harshensu da namu duka, ta tashi ta zagaya ɗaki tana shela cewa garinsu Malam ma sun san gaskiya. Ba ta taɓa yi mini dariya ba, ba ta kuma taɓa yafe mini harafi ɗaya ba. Na zauna gaban malamai da yawa a rayuwata, kaɗan ne suka haɗa waɗannan halaye biyu.

A watan Nuwamba aka yi yawon fitila, al'adar da yaran Jamus ke yi da kaka, a wurare da yawa ranar 11 ga wata, don tunawa da Martin, wani sojan Rumawa da aka ce ya raba alkyabbarsa biyu ya ba wani almajiri rabi a daren sanyi. Mako biyu muka yi muna yanka takarda mai launi muna liƙawa, Uwar Ɗaki ta ce ni ma tilas in yi tawa, na yi mai siffar jinjirin wata. Da magariba muka fito, yara da iyaye, kowa da fitilarsa rataye a sanda, ana tafe ana waƙa a cikin duhun nan da nake tsoro. Nan take na tuna tashe, yadda mukan bi gida gida da dare a watan azumi muna yara, ƙafa ba takalmi. Kafin mu kai ƙarshen layi ƙaramin cikinsu ya gaji, ya miƙo mini hannu ba tare da ya ce kome ba, na ɗauke shi, ya yi barci a kafaɗata da fitilarsa a hannu. Nauyinsa daidai da na 'yata. Daren nan na koma ɗaki na yi barcin da ban yi irinsa ba tun saukata.

Sai kuma Sarkin Tambaya, ɗan shekara 5, mai farin gashi kamar audugar rimi. Shi ne ya kama hannuna ya juya shi, ya ce me ya sa tafin ya fi bayan haske, ya saurari bayanina, sa'an nan ya duba nasa ya ce ai shi an cuce shi, launi ɗaya aka ba shi. Wata safiya ta Disamba, ƙarfe 8:00 gari baƙi ƙirin, ya tambaye ni ƙarfe nawa yanzu a garinmu. Na ce ƙarfe 8:00, domin da hunturu agogon Jamus da na Nijeriya ɗaya ne. Ya ce, “To 'yarka ma tana cikin duhu ke nan?” Na ce a'a, rana ta fito mata fiye da awa guda. Ya ɓata rai ya ce wannan ba adalci ba ne, agogo ɗaya rana biyu. Sai da muka nemo lemo da tocila muka shiga ɗakin ajiya muka kashe wuta, na karkata lemon na nuna masa yadda haske ke gudun samansa ya zauna a tsakiyarsa. Ya yi shiru, can ya ce, “Da bazara mu za mu ci ku.” Haka kuwa aka yi, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10:00 na dare, bai kuma manta ya tuna mini ba.

Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne Ɗan Halab. A 2015 mutane wajen 890,000 suka shiga Jamus neman mafaka, da yawansu daga Siriya, iyayen yaron nan suna cikinsu. An kawo shi ɗakinmu a ƙarshen Nuwamba yana da shekara 4. Akwai tsarin da ake bi wajen saba wa sabon yaro da wuri: kwana ukun farko uwa ko uba yana zaune a ɗakin, rana ta huɗu ya fita na ɗan lokaci kaɗan a ga yadda yaron zai yi, daga nan a riƙa ƙara tsawon rabuwar gwargwadon ƙarfin zuciyarsa. Wasu yaran mako ɗaya ko biyu ya ishe su. Uwar Ɗan Halab sai da ta yi fiye da mako 4 tana zama a kan ƙaramar kujera a kusurwa, waya a hannu, domin a watan Disamban nan ne yaƙin gabashin Halab ya kai ƙarshensa, tana kuwa da 'yan'uwa a ciki. Yaron ba ya kuka, ba ya dariya, ba ya magana da kowane harshe. In wani abu ya faɗi da ƙara sai ka neme shi a ƙarƙashin tebur.

Na tambayi babbar malamar ɗakin ko akwai abin da za a yi a buɗe bakinsa. Ta ce mini yaron da aka kawo cikin sabon harshe yakan yi makonni ko watanni bai furta kome ba, alhali kunnensa yana ta tarawa, balle wanda ya zo da abin da wannan ya zo da shi. Ta ce, “Muna sa masa ido, in ana bukatar likita za a kira. Amma kada kowa ya ce masa ‘faɗi kaza’. Zauna kusa da shi kawai.” Haka na riƙa yi. Kowace Talata da Alhamis in zauna a ƙasa kamu biyu daga inda yake, in yi ta gina hasumiya da katakai ina rushewa. Bayan mako uku ya fara turo mini katako da ƙafa. Bayan mako biyar ya fara ɗora nasa a kan nawa.

Wata Alhamis a ƙarshen Janairu na 2017, mura ta kama rabin ɗakin, aka sa ni tsaron wurin wanke hannu. Ina matsa wa kowa sabulu a tafi, ina 'yar waƙata da Hausa don kaina, ina cewa ga sabulu, ga sabulu. Da layi ya zo kansa sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya dube ni a ido, abin da bai taɓa yi ba. Cikin wata siririyar murya ya ce, “Sabun.” Na ce, “Sabulu.” Ya girgiza kai ya sake cewa, “Sabun,” watau shi ma gyara yake yi mini. Malamar da ke bayana ta juya ta fuskanci bango don kada ya ga fuskarta.

Ɗaliban Hausa sun san yawan kalmomin da harshenmu ya aro daga Larabci ta hanyar addini da fataucin Sahara, amma ni ban taɓa zaton darasin aron kalmomi zai yi mini rana a bakin famfo ba. Daga ranar muka sami wasa namu mu biyu. In ce albasa ya ce basal, in ce sukari ya ce sukkar, in ce zaitun ya yi dariya don ba abin gyarawa. Da ya gane sunayen ranakun zuwana irin na gidansu ne, uwarsa ta ce kowace safiya sai ya tambaye ta ko yau Talata ce. Jamusancinsa bai fito ba sai a watan Afrilu, kuma da faɗa ya fito. Wani yaro ya fizge masa shebur a cikin yashi, sai muka ji ya daka tsawa da cikakkiyar jimla cewa nasa ne, shi ya fara ɗauka. Ban taɓa ganin manya suna murna da rigimar yara kamar ranar ba.

Akwai kuma Jikar Hajiya, wadda shirunta iri dabam ne. Hamburg tana da mutanen Gana da yawa, kakar yarinyar nan kuwa daga Zangon Kumasi take. Ran nan ta zo ɗaukar jikarta ta ji ina waya da gida, ta tsaya cik ta ce, “Ɗana, Hausa nake ji ko kunnena ne?” Na durƙusa na gaishe ta, muka yi ta gaisuwa har mutane suna kallo. Ta koka mini cewa yarinyar tana jin Hausa sarai, amma da Jamusanci take amsawa, in ma a gaban ƙawayenta ne sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ban ce wa yarinyar kome ba. A watan Maris malamai suka nemi in ba da labari da harshena a zaman da'ira, don yara su ji yadda yake a kunne. Na gyara zama na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Ban sa rai da amsa ba, sai na ji daga gefen hagu an ce, “Ta zo mu ji ta.” Ta rufe baki da hannu, amma magana ta riga ta fita. Duk ɗakin ya juya, Sarkin Tambaya ya ce, “Kina jin harshen Malam?” Na ci gaba da tatsuniyar Gizo, ina tsayawa a kowace gaɓa, yara suna roƙonta ta gaya musu abin da na ce. Ta zama tafinta, har ta ƙara musu da cewa a wurin Asantawa shi ake kira Ananse. Ranar Talata Hajiya ta tare ni a ƙofa ta ce, “Ɗana, me ka yi wa jikata? Jiya da Hausa ta nemi tuwo.” Na ce, “Mama, ba ni ba ne, ƙawayenta ne suka nuna suna so.”

Baƙo raɓa ne. A watan Yuni muka kai su bakin Elbe kallon jiragen kwantena, Sarkin Tambaya ya matsa sai na nuna masa wanda zai je ƙasarmu, sa'an nan ya tsinci wani farin dutse mai santsi ya zura mini a aljihu ya ce in kai wa 'yata. A watan Yuli aka yi bikin sallamar yara 7 da za su shiga firamare. Al'adar wurin ita ce a shimfiɗa katifa a bakin ƙofa, malamai biyu su kama yaro hannu da ƙafa su lila shi su jefa shi waje, ana tafi ana shewa. Da aka gama da su sai Uwar Ɗaki ta ɗaga hannu ta ce Malam ma ai tafiya zai yi. Tun da ba mai iya ɗaga ni, sai dukansu suka taru a bayana suka yi ta turi har na zube a kan katifar. Ina kwance ina dariya, idona kuwa ya cika.

Da yamma uwar Ɗan Halab ta ba ni wani ƙunshi. Sabulun garinsu ne, wanda ake dafawa da man zaitun da man wata itaciya da suke kira gar, a bar shi watanni yana bushewa har bayansa ya koma ruwan ƙasa, cikinsa kuwa kore shar. Ta ce mahaifinta sana'arsa ke nan. A 2024 da na ji hukumar UNESCO ta sa sana'ar sabulun Halab cikin jerin al'adun gado na duniya, na buɗe akwati na ɗauko shi na shinshina. Har yau ban yanka shi ba.

Da na iso Katsina 'yata ta kusa shekara 4. Ta gan ni ta gudu ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Kakarta ta ce, “Ke, ba babanki ba ne? Zo ki gaishe shi mana!” Na ce, “Inna, ƙyale ta.” Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na zauna, na ajiye farin dutsen nan a gefe, na ci gaba da harkokina. Kwana huɗu tana zagaya ni kamar kaza ta ga baƙon kwando. Rana ta biyar ta matso ta ce, “Wannan dutsen na wane ne?” Na ce nata ne, wani yaro ya aiko mata daga bakin wani babban kogi. Ta ɗauka ta juya shi, ta zauna a cinyata ta ce, “Yaya sunan kogin?”

Na kawo wannan labari nan ne domin mu da muke zaune a kudancin ƙasar nan muna da irin waɗannan yara a bakin ƙofarmu. Yaron Sabo ko na Zango da aka kai makarantar reno, ya tarar da Ingilishi a bakin malama da wani harshen a bakin 'yan ajinsa, shi ma zai yi shiru, sau da yawa kuma akan ɗauki shirun nan a matsayin daƙiƙanci ko taurin kai, har wani lokaci a hore shi in ya yi subul da baka da harshen gidansu. Ɗalibanmu da yawa aikin koyarwa za su yi, kusan dukanmu kuwa iyaye ne ko za mu zama. Abin da na gani da idona ba ya bukatar kafet ko kuɗin gwamnatin Jamus. Babba ya sauko ƙasa, ya bar yaro ya ƙarasa jimlarsa, ya kuma nuna masa cewa kalmar da ya zo da ita daga gida tana da daraja a wannan ɗaki. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu yaran nan sun zama samari da 'yammata, na kuma san galibinsu ba za su tuna da wani dogon mutum mai suna Malam ba, domin abin da ya faru da mutum yana shekara 4 kaɗan ne ke tsira a ƙwaƙwalwarsa. Wannan bai dame ni ba, tun da ni ina tuna mana duka. Allah Ya raya su, Ya ba Ɗan Halab ganin garin kakanninsa cikin lafiya, Ya bar Hausa a bakin Jikar Hajiya har ta yi wa nata jikokin tatsuniya.